Falmaran na Bakwai

Shekara talatin da ɗaya Leposava ta yi tana ɗinka aljihu. A masana'antar tufafi da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kowace mace da abin da take yi: wata kwala, wata hannun riga, wata ramin maɓalli. Ita aljihu ne ya faɗo mata tun tana 'yar shekara goma sha tara, kuma a kansa ta tsaya har ranar da aka kulle masana'antar aka sallami kowa. Daga nan ta kai keken ɗinkinta ɗakin gaba na gidanta, kusa da taga, tana rage tsawon wando, tana canza zif. Kowa a garin da Lepa yake kiranta. Ba ta da yawan magana, kuma idan mutum ya shigo ba fuskarsa take fara dubawa ba, aljihunsa take kallo, ta san wanda ke tura hannu da wanda ke cusa makullai.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa ɗaya, Obrad, wanda ya girma ya zama malamin labarin ƙasa a sakandaren garin. Yana da shekara talatin da biyu ya yi wata mura a ƙarshen sanyi. Murar ta tafi, gajiyar ta ƙi tafiya. Kafin kaka ya kai ga ba ya iya hawa matakala goma sha huɗu na makarantar sai ya tsaya sau biyu. Likitoci a Belgrade suka ce ƙwayar cutar ta taɓa naman zuciyar, ɓangaren hagu ya saki, ba ya iya tura jini. Suka ce dashen zuciya ne maganin, amma layi yana da tsawo, kuma ba zai kai ba sai an sa masa famfo.

Famfon bai fi ƙwan agwagwa ba. A ƙasan zuciyar aka ɗinka shi. Wata waya ta fito ta fatar cikinsa, yatsa huɗu daga cibiya ta dama, ta shiga wani ƙaramin akwati mai fitilu da bai wuce tafin hannu ba, daga akwatin kuma wayoyi biyu suka tafi ga batura biyu, kowane kusan rabin kilo. Asibiti suka ba shi jakar rataye. Wata nas mai suna Milanka ta zaunar da Lepa ta koya mata wanke bakin wurin da wayar ta fito, sannan ta faɗa mata abu ɗaya sau uku: kada wayar nan ta ja. Idan ta ja, fatar za ta buɗe, idan ta buɗe ƙwayar cuta za ta bi wayar ta shiga ciki.

Ranar da ya farfaɗo, Lepa ta kama wuyan hannunsa kamar yadda take yi tun yana jariri in zazzaɓi ya kama shi. Ba ta ji komai ba. Yana kallonta, yana murmushi, hannunsa da ɗumi, amma jijiyar shiru.

"Ba za ki ji bugu ba, Mama," in ji Milanka. "Famfon ba ya bugawa, gudana yake yi. Ki sa kunne a ƙirjinsa."

Ta sa. Wani siririn gunji ne, kamar na firji a ɗaki na gaba, ba ya hawa ba ya sauka. Daga ranar, kowace safiya kafin ta ɗora kofi, sai ta sa kunne. Obrad yakan ce, "To, injiniya, motar za ta kai yamma?"

Jakar asibiti ce ta dame shi. Tana karkatar masa da kafaɗa, tana lilo in ya ɗaga hannu zai rubuta a allo, kuma sau biyu wayar ta maƙale a mariƙin ƙofa. Sai Lepa ta ce ai wannan maganar aljihu ce. Ta ɗinka masa falmaran. Na farko ya yi zafi, ya sa shi gumi a bakin ciwon. Na biyu ya tara nauyin duka a wuyansa. Akwai wanda ya yi kyau a tsaye amma in ya zauna batir ya tokare masa haƙarƙari, akwai wanda ta manta ta buɗe masa tagar da za a ga fitilun akwatin. Ba ta taɓa zana ko ɗaya a takarda ba. A jikinsa take yi, da fil a baki, yana tsaye yana karanta mata jarida, tana ce masa ɗaga hannu, sunkuya, juya. Na bakwai ne ya zauna. Da shi ya koma aji, da shi ya hau keke duk da an hana shi, da shi ya yi rawa a bikin abokinsa.

Shekara biyu da wata biyar suna jiran a kira su a ce an sami zuciya. Wata safiya a watan Afrilu, tana feren dankali, ya ce kansa yana ciwo, kuma kalmar ta fito a karkace. Jini ne ya zuba masa a ƙwaƙwalwa. Famfon bai tsaya ba. Likita ne ya kashe shi bayan kwana biyu, tana tsaye, kunnenta a ƙirjin ɗanta. Aka miƙo mata falmaran ɗin a leda.

Ranar arba'in ta raba kayansa, kamar yadda ake yi, domin abin da mai rai ya sa a nan shi mamaci yake samu a can. Takalmansa suka tafi ga mai gadin makaranta, kwat ɗin sanyi ga ɗan ƙanwarta. Falmaran ɗin ta ninke ta sa a durowar da ke ƙarƙashin keke. Borka, maƙwabciyarta, wadda ta yi shekara ashirin tana ɗinka kwala a tebur na kusa da nata, ta gani ba ta ce komai ba a ranar. Bayan shekara ta fara cewa.

"Kin bar yaron nan ba riga ta ciki, Lepa. Kwat kawai kika aika masa."

"A can ba ya buƙatar batir."

"To ke kina buƙata?"

Milanka ta turo mata mutum biyu cikin shekara uku, masu irin famfon. Duka biyun ta ce musu ita wando take ragewa.

Kwana tara kafin ranar Waliyyi Nikola, dusar ƙanƙara ta fara sauka, wata mata gajeriya mai jan gyale ta turo ƙofa, tana jan wani dogon mutum a baya. Tun bai cire hula ba Lepa ta ga kafaɗarsa ta dama a karkace, ta ga baƙar jakar.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Ni ce Dobrila, daga ƙauyen da ke bayan gada. Wannan Gradimir ne, mijina, shekara talatin yana tuƙa bas, yanzu shi ake tuƙawa. Milanka ce ta ce mu zo."

"Na san abin da ya kawo ku. Ba na yi."

"Ai ba ki ji ba tukuna."

"Na ce miki mu tafi, mace," in ji Gradimir. "Baiwar Allah tana da aikinta."

"Kai rufe mana baki, gawa ba ta magana." Ta juyo ga Lepa. "Gawa ce fa, ki tambayi ƙauyenmu. A watan Satumba ya kwanta yana barci a kan benci a gindin bishiya. Tsohuwa Stanka ta zo aron rariya, ta kama hannunsa, ba ta ji bugu ba. Kafin in fito daga bayan gida ta rufe madubina da zane, ta tsayar da agogon bango, ta kunna masa kyandir a ka."

"Kuka ne ya tashe ni," in ji Gradimir. "Na ji ana cewa mutumin kirki ne, bai taɓa barin fasinja a hanya ba. Na ce bari in ƙara rufe ido in ji sauran."

Lepa ta ji dariya ta taso mata, ta haɗiye. Dobrila ta gani, ta matso.

"Slava ɗinmu, bikin waliyyin gidanmu, ranar Nikola ce. Bara yana asibiti, ƙanensa ne ya juya burodin. Bana ma ƙanen ya ce ya zauna a kujera kamar baƙo, shi zai yi. Kin san maigida ba ya zama muddin kyandir yana ci. Kuma burodin da hannu biyu ake juya shi, a ɗaga shi sama. Mun gwada da faranti, jakar ta zame, wayar ta ja, sai da na canza bandeji. Tun ranar bai ci abincin kirki ba."

"Gidan ubana ne," in ji Gradimir, yana kallon hularsa. "Ni ne babba. Shi ke nan."

"Akwai teloli a Belgrade," in ji Lepa.

"Mun je wa ɗaya. Ya yi masa aljihu biyu daidai wa daida kamar na mafarauci, ɗinkin ya bi ta kan ciwon."

Lepa ta koma ga wandon da ke kan keke. Dobrila ta tsaya kaɗan, sannan ta gyara gyalenta ta ce sun gode. Gradimir ya juya zai fita, gefen kwat ɗinsa ya buɗe, lanƙwasar wayar ta leƙo ta nufi mariƙin ƙofa.

"Ƙofa, Obrad."

Ya tsaya cak. Hannun Lepa ya riga ya rufe mariƙin. Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ba wanda ya gyara mata sunan.

"Cire kwat ɗin," in ji ta. "Tsaya nan wurin haske."

Kwana huɗu ta yi tana ɗinki da ka. Ta tuna auduga zalla ce a ciki, ta tuna ɗinkin a waje yake don kada ya goge fata, ta tuna tagar fitilu, ta tuna ba a sa maɓalli mai maganaɗisu. Durowar kuwa ba ta buɗe ba. Da suka dawo gwaji, falmaran ɗin ya zauna kamar a jikinsa aka haife shi. Dobrila har ta fara godiya. Lepa ta ɗauko babban farantin da take zuba maɓallai, ta juye, ta miƙa masa.

"Juya shi. Yanzu ɗaga."

Ya ɗaga har goshi. Gefen bakinsa ya motsa, kuma ta ga wayar ta miƙe a ƙarƙashin yadin kamar igiyar shanya.

"Ba komai, 'yar'uwa, kaɗan ne. Zan iya."

"Ba za ka iya ba. Cire."

Ta san inda matsalar take. A na bakwai, hanyar da wayar ke bi tsakanin shafi da yadin waje ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana da wani lanƙwasa da ke buɗewa in an ɗaga hannu, ya koma in an sauke. Da gutsattsarin yadi biyar ta haɗa shi, a jikin Obrad, wata rana da rani, kuma yanzu ba ta tuna yadda suka haɗu ba. Daga waje ba a gani. Duk tela ya san hanya ɗaya ce ake kwafar riga irin wannan: a farke ta, a shimfiɗa kowane gutsure a kan kwali, a zana.

Washegari Borka ta shigo da kofi biyu, ta tarar da falmaran ɗin Obrad a kan tebur, Lepa tana zaune gabansa, hannuwanta a cinya.

"Tun yaushe kike nan?"

"In na farke shi ba zai koma ba. Yadin ya tsufa, ba zai ɗauki allura sau biyu ba."

"Na sani."

"Har yanzu da siffar kafaɗarsa a jiki. Duba."

Borka ta duba. Ba ta yi tsokanar da ta saba ba. Ta ajiye kofin, ta ce, "In riƙe miki, ko in tafi?"

"Riƙe."

Da reza ta bi ɗinkin, zare ɗaya bayan ɗaya, Borka tana ja mata a hankali. A ƙasan aljihun hagu suka tarar da ɓawon 'ya'yan kabewa da guntun alli. Lepa ta share su da gefen hannu ta zuba a murfin kwalba. Da ta buɗe shafin, gutsattsarin nan biyar suka bayyana, sai ta ga ashe abu ne mai sauƙi, na uku a karkace ta yanka shi, shi ya sa yake miƙewa. A gefen na huɗu kuma ta ga abin da ba ta san da shi ba. Yadin ya taɓa yagewa tsawon yatsa, an ɗinke shi da jan zare, ɗinki manya-manya, karkatattu, an ƙulle ƙarshen sau uku.

"Wannan ba hannunki ba ne," in ji Borka.

"Keken hawan nan ne. Ya faɗi bai gaya mini ba." Ta shafa zaren da babban yatsa. "Ɗan tela, dubi ɗinki. Ko buhun dankali ba a yi masa haka."

Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ɗauki almakashi ta zagaye wurin, ta yanke shi da jan zarensa, ta sa a aljihun rigarta. Sauran ta goge su da dutsen guga, ta shimfiɗa a kan kwali, ta zana, ta rubuta lamba a kowane.

Sabon falmaran ya ɗauki kwana biyu. Gradimir ya fi Obrad faɗin ƙirji, ta ƙara yatsa biyu a kowane gefe. Sabon yadin kafaɗa yana da tauri, zai ɗauki watanni kafin ya yi laushi, sai ta ɗauko matasan kafaɗa na tsohon, waɗanda shekara biyu na nauyin batir suka lausasa, ta ɗinka su a ciki.

Ranar gwaji na biyu ya ɗaga farantin har sama da kansa, ya sauke, ya sake ɗagawa. Wayar ba ta motsa ba.

"Yanzu sai ka ce mutum," in ji Dobrila, tana share ido da bakin gyale. "Stanka za ta ji haushin kyandirinta."

Lepa tana durƙushe tana duba ko tagar fitilun ta zauna daidai. Kanta yana kusa da ƙirjinsa. Ta gama dubawa amma ba ta tashi ba.

"Maigida," in ji ta, "in ba damuwa."

Gradimir ya dubi matarsa, matar ta gyaɗa kai. Ya ɗan buɗe hannuwansa. Lepa ta sa kunne. Gunjin yana nan, siriri, ba ya hawa ba ya sauka. Gradimir ya tsaya ƙyam, ya kafa ido a bango, yana numfashi a hankali, har ta ɗago da kanta.

"Yaya kika ji injin?" in ji shi. "Ni ban yarda da kanikawan Belgrade ba."

"Zai kai yamma."

Ba a zuwa slava sai an gayyace ka sau ɗaya, daga nan kuma kowace shekara wurinka yana nan. Suka gayyace ta. Shekara uku rabonta da shiga gidan da ake biki. Ta je da rana, da ƙaramin ƙunshin kofi da lemo uku, Borka ta raka ta har tashar bas. Gidan ya cika da ƙamshin soyayyen kifi da wake da turare. Aka miƙo mata dafaffiyar alkama mai sukari a bakin ƙofa, ta ci cokali ɗaya. Kyandir dogo yana ci a gaban hoton waliyyin.

Limamin coci ya tsaga burodin ta ƙasa, ya ɗiga ruwan inabi a tsagar. Gradimir ya sa hannu biyu. Yana sanye da farar riga a kan falmaran ɗin, ba jaka, kafaɗunsa a daidai. Suka juya burodin, shi da limamin da ƙanensa, suna waƙa, suka karya shi, suka sumbata, sannan Gradimir ya ɗaga shi sama. Kowa burodin yake kallo. Lepa gefen cikinsa na dama take kallo, yatsa huɗu daga cibiya. Rigar ba ta ja ba.

Bai zauna ba. Yana zagaya tebur yana zuba wa mutane abin sha, yana tura musu kifi. Wajen ƙarfe uku akwatin ya yi ƙara sau ɗaya, ya shiga ɗaki a tsaye ya canza batir, ya dawo. Ƙanensa ya jawo masa kujera, ya ture ta da ƙafa. Wata tsohuwa mai baƙin gyale da ke zaune kusa da Lepa ta sunkuyo ta ce, "Ni fa na taɓa hannunsa, 'yata. Har yanzu ban gane ba."

Da Lepa za ta tafi, Gradimir ya rako ta bakin ƙofa. Ya taɓa kafaɗarsa ta hagu.

"Dobrila ta ce wannan ba sabon yadi ba ne."

"Ba sabo ba ne."

"Zan kunna masa kyandir ranar Asabar. Obrad, ko?"

"Obrad. Rufe kwat ɗinka, akwai sanyi. Kuma ka kula da ƙofa."

Kwalayen suna rataye a ƙusa a bayan kekenta, gutsure goma sha ɗaya, an huda su an zura igiya. Bayan sabuwar shekara Milanka ta bugo waya, tana ta kewaye-kewaye, akwai wata malamar banki daga kudu, 'yar siririya, jakar tana yi mata nauyi. Lepa ta ce a turo ta ranar Talata da safe, lokacin da taga ta fi haske, kuma ta zo da irin rigar da take sawa wurin aiki.